Ni Ne Mai Yi Musu Yankan Kirsimeti

Kafin sunana ya ɓaci, ni ɗan acaɓa ne a Magama, bakin iyakar Jibiya. Ina kai fasinja ƙauyuka, in na samu na cefane in koma wajen mahaifiyata. Ba abin da na rasa, sai dai ina da son a ce na fi tsarana. Ku matasa ku riƙe wannan, domin daga nan komai ya faro.

A ƙauyenmu, can bayan Mazanya, muna da maƙwabta Kirista. Hausawa ne kamarmu, kakanninsu Maguzawa. Babbansu shi ne Baba Barmo, aminin mahaifina. Duk Kirsimeti ba sa yanka akuya da hannunsu. Musulmi suke kira ya yanka, don in sun rarraba nama gida-gida mu ma mu iya ci. Mahaifina ne ke yi musu, da ya rasu kuma aikin ya dawo hannuna.

Da aka rufe iyaka fasinja suka yi wuya, sai na soma kai jarkunan fetur ƙetare ta ɓarauniyar hanya. Na ce wa kaina ai kowa ma yana yi. A hanyar nan wani dogo mai rawani, wanda ake kira Malam kawai, ya tare ni ya ce in riƙa kai musu mai da burodi cikin daji. Na ga bindigogi jingine a gindin kalgo, na kuma san ko su wane ne. Amma suna biya ba ciniki, ɓarayin hanya ma suka daina taɓa ni. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi mini daɗi.

Sukan zaunar da ni su yi mini wa'azi. Wai limaminmu ya kauce hanya, wai duk mai cin abincin Kirista ya bar addini. Ni da ko izu biyu ban haɗa ba, sai ga ni ina hura hanci, na daina gaida Baba Barmo. A lokacin tsoro ya riga ya sa mutanensa sun kulle cocinsu. A ɓoye suke ibada, yau wannan gida gobe wancan, ba wanda ya san inda za su taru.

Rannan Malam ya dube ni ya ce, "An ce kai ke yi masu yanka."

Na ce, "Na bari, Malam."

Ya ce, "Kada ka bari. Bana ma ka tahi. Inda anka yanka akuya, nan za su taru. Ka zo ka hwaɗa mani gidan."

Na ce, "Mi za ku yi masu?"

Ya ce, "Nasiha." Sai ya yi murmushi ya ƙara da cewa, "Ya jikin tsohuwa?" Ban taɓa yi masa zancen mahaifiyata ba. Nan na gane barazana ce.

Ranar jajibiri da hantsi Baba Barmo ya zo ƙofarmu da kansa. Ya ce, "Ɗana, ko ka yi hushi da mu, yankan nan gadon ubanka ne." Bai kai ni gidansa ba. Gidan ɗansa Ayuba ya kai ni, can ƙarshen gari bayan rumbuna. Na ga an share babban ɗaki an jera bencina. Baba ya danne akuyar, ya ga na tsaya ina jinkiri, ya yi dariya ya ce ubana bai taɓa wannan ragwanta ba. Na yi bisimilla na yanka. Da zan tafi suka ɗaure mini cinya guda, Baba ya rako ni ya ce a hankali, "Abin da ka gani nan, ka bar shi nan." Na ce to.

Na ajiye wa mahaifiyata naman, na hau babur. Ina iya shiga Jibiya in sanar da sojoji. Ina iya komawa in ce wa Baba su watse. Na tsaya a mararraba na yi tunanin duka biyun, sannan tsoro ya juya ni daji, na je na faɗa wa Malam gidan.

Washegari da safe suna cikin waƙa aka zagaye gidan. Ina ɗaki ina jin harbi, ƙanshin naman nan kuma na tashi daga tukunyar mahaifiyata. An kashe Ayuba da wasu mazan, an tafi da mata, an cinna wa rumbunan wuta. Baba Barmo ya tsira da harsashi a ƙafa. Limaminmu da ya ɓoye masu gudu a masallaci, sun dawo daga baya sun harbe shi. Kafin damina ƙauyen ya watse, Musulmi da Kirista duka.

Sojoji sun kama ni da jarkuna a hanyar dajin, wani da aka kama kafin ni kuma ya ambaci sunana. Na yi shekaru a gidan yari. A can na yi karatun da ya kamata in yi tun farko, na san haƙƙin maƙwabci, ko wane addini yake bi. Mahaifiyata ta rasu ina ciki, ba ta taɓa zuwa dubiyata ba.

Da na fito na nemi Baba Barmo. Na same shi a wani ɗakin haya cikin Jibiya, yana dogara sanda. Na durƙusa na faɗa masa komai ina kuka. Ya ce, "Na sani tun ranar. Kai kaɗai munka kai gidan." Ya ce ya yafe, don haka addininsa ya koya masa. Sai na tambaye shi wa ke yi musu yanka yanzu.

Ya ce, "Da kanmu muke yi, mu ruhe ƙohwa mu ci. Jikokina ba su ma san ana kai ma Musulmi nama ba."

Ku matasa, na tuba, kuma ina neman gafarar Allah kullum. Kada ku ɗauki kayan wanda kuke tsoron tambayarsa me zai yi da su. Ku nemi ilimi wajen malaman da ke zaune cikin jama'a. Duk wanda ya ce ku nuna masa ƙofar maƙwabcinku da sunan addini, ku guje shi, ku kai rahotonsa tun da sauran hali. Ni an yafe mini, amma har yau in Kirsimeti ta zo nakan wuni ina sauraron ƙofa, kuma ba mai sallama da kwano.