Takun Baba da itacen shinge

A shekarar da aka ba mu mulkin kai na dawo gida daga Kende don wankan jego na fari. Gidanmu yana kusa da Illo, daga bayan gida ana hango bakin kogi. Ba ni da aiki sai wanka da shan kunun kanwa da sa ido a kan abin da bai shafe ni ba, wanda dama shi ne halina.

Babanmu ba maƙeri ba ne, ba malami ba, amma yana da abu ɗaya da ake sallama masa a kai. Duk mai son kewaye lambu, shi yake kira ya yi masa kiyasin itace. Zai tuɓe takalmi ya zagaya filin yana taku, bakinsa na motsi. Kowane taku biyu dirka ɗaya, wato itacen da ake kafawa a tsaye, sannan ya lissafa tanka da za a gicciya da igiyar ɗauri. Abin da ya faɗa shi ke nan, ba ya ragowa, ba ya kasawa. Da wannan yake taƙama, har Inna takan tsokane shi cewa da haka ake kiyasin tuwo, da ba a taɓa yin ɗumame a gidanmu ba.

Ya yi shekaru bai taka wa kowa fili ba, saboda ciwon gwiwa. Amma a shekarar nan gara ta cinye shingen lambunmu na albasa, ga shanu sun kusa gangarowa fadama. Sai ya ce shi zai taka abinsa. Ina zaune a inuwa da jaririyata na ga ya zagaya a hankali, ya dawo yana haki, ya faɗa wa yayana adadin. Yayana ya buɗe baki kamar zai yi magana, Inna ta harare shi, ya haɗiye.

Aka tafi daji wajen iyakar Dahome aka saro kirya, don gara ba ta cin ta. Wasu masu jirgin ruwa 'yan ƙabilar Dandawa suka kawo ta gaɓa, suna tambaya ko gari za mu kewaye.

Ranar gayya samari suka taru, yayana yana taku, su kuma suna haƙa rami suna kafawa. Baba yana can gindin mangwaro yana karɓar gaisuwa. Kafin la'asar shinge ya haɗu, ga tulin itace a gefe ko taɓa shi ba a yi ba. Wahalar saran ba ta dame ni ba, tsorona kada a yi wa tsohon nan dariya a bainar jama'a.

Inna ta fi ni saurin tunani. Ta kira samari shan fura can cikin gida, ta sa yayana da wani abokinsa suka kwashe ragowar suka jibge bayan rumbu, ta lulluɓe da tsohuwar zana. Ni ma na ɗauki nawa, tana yi mini faɗa cewa mai jego ba ta ɗaukar kaya.

Da mutane suka watse, Baba ya tashi duba aiki. Muka bi shi a baya. Ya girgiza dirka ɗaya, ya yaba ɗaurin, sannan ya tuɓe takalmi kamar yadda ya saba ya fara bin jikin shingen. Daga wannan dirka zuwa waccan, taku uku ya yi. Ya tsaya. Ya sake gwadawa a ta gaba, uku dai. Na ga yana ƙoƙarin buɗe ƙafa ya kai da biyu, gwiwar ta ƙi, sai da ya dafa itace.

Ya daɗe yana kallon ƙafafunsa. Ban taɓa jin tausayinsa irin na ranar ba.

"Ina kunka ɓoye sauran?" ya tambaya, bai ko juyo ba.

Inna ta ce wane saura kuma, ai itace ya zo daidai.

"Ke dai ba ki iya ƙarya ba," ya ce, yana ɗan murmushi. "Filin na nan yadda na san shi. Takuna na ya ragu."

Inna ta sunkuya ta ɗauko takalmansa ta ajiye masa a gaba, ta riƙe masa hannu ya saka. A gabanmu ba ta taɓa riƙe hannunsa ba sai ranar.

Ya kira yayana ya ce a fito da itacen a kai wa maƙwabciyarmu, wata tsohuwa da awaki suka hana ta noman rama, a kewaye mata. Sannan ya ce mutanen ƙauyen Sharabi sun aiko suna neman kiyasi, kuma ya riga ya amsa musu.

"Gobe tare za mu," ya ce wa yayana. "Kai ka taka, ni in ƙirga."