Hannu a Gefen Hoto

Bangon shagon Kar-a-motsa cike yake da hotuna har ba ka ganin fenti, amma guda ɗaya ne ba ya yarda a taɓa. Hoton iyalinsa ne a tsakar gida: 'ya'ya da surukai a tsaye, jikoki a gaba sun yi zaman dirshan. Can gefen dama, daidai inda takardar ta ƙare, akwai hannun mace a kan kafaɗar autarsa. Hannu kawai, daga tsintsiyar hannu zuwa yatsu. Hannun matarsa ne, kuma duk duniya babu wani hotonta da ya ɗauka sai wannan.

Sunan nasa daga aiki ya samo shi. Ba ya danna kyamara sai ya daka tsawa, "Kar a motsa!" ko da kuwa gini yake ɗauka. Mutum ne mai ji da kansa a sana'a, kuma gaskiya ya isa. Idan aka kawo masa hoton da wani ya ɗauka aka yanke wa amarya rabin kai, sai ya riƙe shi da yatsu biyu kamar ƙazanta, ya ce, "Wannan mahauci ne ya ɗauka ko mai hoto?"

Kyamararsa tsohuwa ce ta fim, irin wadda ba ta cikin gilashin gaba ake leƙawa ba. Tana da 'yar taga daban a kusurwa, inda za ka ga mutum ya rabu biyu, ka yi ta murɗawa har ya haɗe ya fito ras. Gilasai biyu gare shi da yake sauyawa. Akwai na kullum, na mutum ɗaya ko biyu, akwai kuma mai faɗi, wanda ke kwaso taro guda ko a matsattsen wuri. Matsalar ita ce 'yar tagar ba ta nuna duk abin da mai faɗin ke kwasowa. Don haka yake da wani ɗan abin leƙe, bai fi babban yatsa ba, da ake zurawa a saman kyamara inda ake sa fitila. Ɗan-sama yake kiransa. In ka sa ido a ciki, sai ka ga duniya ta buɗe, mutane sun ƙanƙance, bango da bango sun shigo.

Sai dai ɗan-sama ba ruwansa da gilashin da ke gaba. Ko wanne ka ɗaura, shi faɗinsa zai nuna maka. Kar-a-motsa ya san da haka sarai, shi ya sa yake da ƙa'ida: kafin ya kai ido sama, sai ya shafa gilashin da babban yatsa ya tabbatar mai faɗin ne. Ya yi shekaru yana yin haka har yatsan ya saba da kansa.

Matarsa kuwa, unguwa ta fi saninta da Mai-almakashi. Teburinta na bakin ƙofar ɗakin duhu. Shi ya wanke hotuna, ita ta shanya a igiya, in sun bushe ta gyara gefe da wani dogon almakashi da ya yi mata kanta a babban yatsa. Babu hoton da ya taɓa fita daga shagon bai bi ta hannunta ba. Amma ita ko da wasa ba ta tsayawa gaban kyamara.

"Ke dai ki bari in ɗauke ki sau ɗaya," yakan ce.

"Malam, kullum ina ganin fuskokin mutane na iyo a cikin kwano kamar kwaɗi. Tawa ba za ta shiga ba."

Ya yi lallashi, ya yi dabara, har ɓoyewa ya taɓa yi bayan ƙyaure. Ta ji ƙarar murɗa fim ta juya masa ƙeya. Na katin shaidarta ma wani ne ya ɗauka a ofis, kuma tuni ya dusashe har ba ka gane mace ce ko namiji.

Ranar da abin ya faru, babban ɗansu ne zai tafi aiki nesa, kowa ya hallara. Da la'asar Kar-a-motsa ya jera su a tsakar gida, ya ɗaura mai faɗi, ya fara rabon tsawa. Sai surukarsa ta roƙe shi ya fara ɗaukar jaririnta shi kaɗai tun bai fara kuka ba. Ya cire mai faɗin ya jefa a aljihun riga, ya ɗaura na kullum, ya ɗauki jariri. Yana ɗagowa ya ga abin da bai taɓa gani ba. Mai-almakashi ta fito daga ɗaki ta sake ɗaurin ɗankwali, ta zo ta tsaya a ƙarshen layi, ta dafa kafaɗar auta.

"To, ɗauka da sauri kafin in sake shawara," ta ce.

Gida ya kaure da shewa. Shi kuwa ya yi maza ya ɗaga kyamara. Ya saita a 'yar taga, ya ɗaga ido zuwa ɗan-sama, ga su nan duka, ga ta can gefe 'yar mitsitsiya tana ƙoƙarin danne dariya. Yatsan da ya saba shafa gilashi ranar bai shafa ba. Ko tsawar ma bai yi ba, a hankali ya ce, "Kar ki motsa." Ya danna sau biyu, ta ce ya isa haka, ta koma ciki.

Sai da aka watse, ya zo cire riga, ya ji wani abu mai nauyi ya bugi cinyarsa. Ya sa hannu a aljihu ya fito da mai faɗin. Bai buƙaci wanke fim ba ya san wanda aka yanke.

A nan ne ya yi abin da ya fi kuskuren muni. Kuskure kowa na yi, ai da ya leƙa ɗakinta ya ce, "Na yi shirme, zo mu sake," da ta yi masa tsiya na wata guda, ta yiwu kuma ta tsaya. Amma mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kiran wasu mahauta, bakinsa ya kasa furta wannan. Ya ce a ransa zai samo dabara. Ya wanke fim ɗin ranar da ta tafi unguwa, ya buga kwafi ɗaya, ya tura ƙarƙashin kwalin takardu. Ta tambaya, ya ce maganin wanki ya ƙare. Ta sake tambaya, ya ce yana jiran babbar takarda, irin wannan hoto ba a buga shi ƙarami.

Kafin dabarar ta zo, ciwo ya riga ta. Ciwon bai ja dogon lokaci ba, amma ya cinye ta har shi kansa ba ya son a ɗauke ta a haka. Wata safiya a asibiti, yana ba ta ruwa a cokali, ta dube shi ta ce, "Malam, wai na fito da kyau kuwa?"

"Kin fi kowa," ya ce.

Ta yi murmushi ta lumshe ido. "To a ba yara kowa nasa."

Bayan rasuwarta ya fito da hoton ya nuna wa 'ya'yansa, ya faɗa musu yadda aka yi. Babu wanda ya zarge shi, kuma hakan ya fi masa zagi ciwo. Ya sa hoton a firam ya rataye inda zai riƙa ganinsa daga kujerarsa.

Shekaru suka tura. Waya ta kashe kasuwar fim, shagon ya koma wurin zaman hira. Auta ta yi aure ta haihu, 'ya'yanta suka fara tambayar kamannin kakarsu. Wata rana ta zo da murna ta ce akwai wani mai kwamfuta a bakin titi da ke faɗaɗa tsohon hoto, ya cike abin da ya ɓace. Abin da ake buƙata kawai a kwatanta masa fuskar.

"Baba, kai ka fi kowa saninta. Mu je."

Ya bi ta ba don ya yarda ba. Mai kwamfuta ya ba shi kujera cikin ladabi, ya ce, "Baba, fuskarta doguwa ce ko zagayayya?"

"Doguwa. A'a, tsaya. Da ƙuruciya dai doguwa ce."

"Hancin fa? Girar fa, a haɗe take?"

Kar-a-motsa ya nemi girar matarsa a ransa ya rasa. Shi da ke iya gaya maka wane gefen fuskar direban unguwa ya fi kyau a hoto. Ya runtse ido ya nemo ta, sai ga ta kamar yadda ɗan-sama ya nuna masa ita, 'yar mitsitsiya a can gefe, ɗankwali da danne dariya. Ya yi ya yi ta matso kusa, ta ƙi. Ƙeyarta ya sani, da sunkuyonta a kan tebur, da ƙarar almakashinta. Auta ce ta ƙarasa amsa tambayoyin, ita ma tana yi tana kokwanto.

Da aka buga hoton, auta ta kawo masa shago. Aiki ya yi kyau, babu laifi. Tsakar gidan ta faɗaɗa, ga wata mata kyakkyawa a ƙarshen layi tana murmushi, hannun Mai-almakashi manne a jikinta.

"Ta yi kama, ko Baba?" auta ta tambaya.

Ya karɓi hoton ya ƙura masa ido. Abin da ya tsorata shi, ya ji idonsa ya fara sabawa da baƙuwar. In ta kwana biyu a bango, ita zai riƙa tunawa.

"Miƙo min almakashin uwarki," ya ce. "Yana cikin aljihun tebur."

Bai taɓa gyara gefen hoto da kansa ba, sai layin ya fita a karkace. Ya bi a hankali ya yanke matar daga tsintsiyar hannu, ya miƙa wa auta sauran.

"Ki kai wa yara wannan. Ki nuna musu kantar da ke babban yatsan, ki ce ta aiki ce. Fuskar kuma in sun tambaya, ki ce tana da kyau, kakansu ne bai ɗauka ba."