Masu Kira Daga Bayan Tanki

Akwai lokacin da in na yi tari da hantsi, daga Fagge har Sabon Gari sai an ce mini sannu. Haka nake gaya wa 'ya'yana, kuma ba su taɓa musu ba, tunda ni ke ciyar da su. Ni ne mai shirin gaishe-gaishe a gidan rediyon kwalejinmu.

Gidan rediyon ɗaki ɗaya ne, tsohon sito. Wani malamin lantarki ne ya harhaɗa na'urar da tarkacen da ya tsinto a Sabon Gari, ya ɗaure eriya a kan tankin ruwa, ya yi ritaya ya bar wa ɗalibai. Bango kuwa kwalayen ƙwai muka manna masa, waɗanda muka roƙo a kasuwar Singa. Ba mai albashi. Wanda ya fara zuwa shi ke shara, wanda ya makara shi ke jan janareta. Shugabarmu 'yar Barno ce haifaffiyar Fagge, ita ke zama kan na'ura, ita ke riƙe da wayar tashar.

Wayar nan ba ta ƙara. Shi ya sa muka gaji wata al'ada daga na gabanmu: da an buɗe layi, sai mutum biyu su zagaya bayan tanki su kira. Abokina shi ne Alhaji mai shinkafa daga Singa, shi ne direba daga Titin Ibrahim Taiwo, in abu ya yi abu har tsohuwa yake zama. Ni kuma in gaishe su da iyali, in tambayi kasuwa. Muna nan har Alhajin ya yi aure, aka yi masa haihuwa, aka yaye yaron, duk a shirina.

Shekararmu ta ƙarshe hukumar kwaleji ta ce tana son ɗakin, za a zuba kwamfutoci. Mataimakin shugaban kwalejin ya ce zai zo ya ji da kunnensa, in muna da masu saurare a wajen makaranta za a ƙyale mu. Muka tsara wa zai fara kira, wa zai biyo. Shugabarmu ta ce baƙuwar lamba ba za ta tare mata layi ba.

Ya zo ya zauna kan benci. Alhaji ya kira, direba ya kira. Sai wayar ta sake ƙara, shugabarmu ta ɗauka ba ta duba lambar ba, muka ji wani yana sallama da Hausar Sabon Gari, bayansa ana ta hayaniya. Ta dube ni, na dube ta, ta katse, saboda layin tsohuwa ne. Tsohuwa ta shigo tana sa mana albarka da ƙarfinta. Mataimakin shugaba ya miƙe ya leƙa taga, ya hango ta tsugune bayan tanki, da gemunta.

Ko faɗa bai yi ba. Cewa ya yi mu kai makulli ranar Litinin. Muka ɓamɓare kwalayen ƙwai, muka share ɗakin. Na tsaya ina jiran in ji wani abu a ƙirjina, ban ji ba. Na je na ci shinkafa da wake, na ce a ƙaro. Shugabarmu ta jefa makirufo a jaka ta tafi, ban taɓa tambayarta me ta yi da shi ba.

Bara rediyon mahaifina ta daina magana, na kai ta Sabon Gari wurin wani dattijo Ibo mai gyara. Ina cikin yi masa bayani ya ɗago kai ya ce ya san muryar nan, ba ni ne na rediyon makaranta ba? Ya ce shi ne ya taɓa kira aka kashe masa waya, so yake ya roƙe mu mu daina rufewa da azahar. Kullum sai ya kamo mu, in ji shi, har ranar da muka ɓace. Na gyara tsayuwa, na tura hula gaba, na tambaye shi wane shiri ya fi so.

"Shiri? Oga, ni ban san me kuke faɗa ba," ya ce, yana kwance bayan rediyon. "Gwaji nake yi da ku. Rediyon da na gyara in ta kamo ku, to babu tashar da za ta gagare ta."