Bijimin Yayana da Ƙofar Soro

Shekarar da yayana ya fara sauraron masu wa'azin yadda ake samun nasara a rayuwa a waya, gidanmu na Yakasai bai huta ba. Ka ce masa babu wuta, ya ce duhun a zuciyarka yake. Ni da nake koyarwa a firamare ya ce albashi ya kashe mini zuciya. Haushi yake ba ni, ga shi yayana ne, ba dama in tanka.

Wata rana sai ga shi da ɗan maraƙi, ya turo shi ta soro har tsakar gida. Zai yi kiwo, in Babbar Sallah ta matso ya kai shi kasuwa, kowa ya ga abin da niyya take yi. Tela ne, amma ya rufe kekensa ya koma bawan maraƙi: dusa, harawa, kanwa, har wanka da sabulu.

Inna, mahaifiyarmu, ta dubi dabbar ta dubi ƙofa. Ƙofar soronmu irin ta da ce, ko mai ƙiba sai ya karkace, kuma marigayi Baba ne ya gina ta da hannunsa.

"Ta ina zai fita?" in ji ta.

"Inna, irin wannan tunanin ne ya hana mu ci gaba."

Maraƙi ya zama bijimi, kuma gaskiya ya yi kyau. Da Sallah ta ƙarato aka ja shi zuwa soro, sai ƙahoni suka ce ba da mu ba. Aka juya shi ta baya, ɗuwawu ya toshe. Aka shafa masa man gyaɗa, ya tsaya yana lasar jikinsa. Yayana ya kama kunnensa yana faɗa masa cewa zai iya, maƙwabta sun cika lungu suna ba da shawara.

Da abin ya gagara, yayana ya aro diga zai fasa ƙofar. Inna ta ɗauko tabarma ta shimfiɗa a bakin ƙofar, ta zauna da carbinta.

"Fara da ni," ta ce.

Dole ya jingine digar. Masu saye suka leƙo, suka yaba, suka tambayi hanyar fita, suka tafi.

Ranar Sallah mahauta suka shigo da wuƙaƙensu, muka yi layyar da ba mu taɓa mafarki ba. Bijimi ya fita a faranti da kwanuka, gida gida. Na je in tsokani yayana, sai na same shi a bayan ɗaki riƙe da igiyar, yana kuka. Tausayinsa ya kama ni, na zauna kusa da shi.

"Ba kasuwar nake wa kuka ba," ya ce. "Shi kaɗai ne a gidan nan yake saurarona."