Kwalbar da Ɗangiwa Ya Binne

Duk wanda ya ci kasuwar Tambuwal a shekarun da Sakkwato ta samu jiharta ya san Ɗangiwa Mai Roba. In bai san fuskarsa ba, to ya san muryarsa. Ni kuwa, Tambaya sunana, na san shi tun bai zama mai roba ba, don taubashina ne, tare muka tashi a Fakku. Gyartai ne a da. Ya gaji ɗinkin ƙwarya wurin tsohonsa, yana yawon ƙauyukan Kebbe da basillarsa, yau ya ɗinke, gobe ta sake fashewa a wani gefen. Ya tsani sana'ar nan, kuma bai taɓa ɓoyewa ba.

Da kuɗin fetur suka shigo, motoci suka fara sauke roba daga kudu, bokiti da buta da kwano ja da kore, sai ya yar da basilla ko waiwaye babu, ya koma Tambuwal ya kafa rumfa. In kasuwa ta cika yakan ɗaga kwanon roba ya maka da ƙasa, ya hau kai da ƙafa, ya ɗauko ya nuna wa mata. "Wanga har jikokinku sai sun ci tuwo cikinai," in ji shi. Nakan ce masa wata rana ƙafarsa ce za ta riga kwanon karyewa. Yakan ce ni dai baƙin ciki ke damuna.

Ɗansa namiji ɗaya ne, Attahiru, yaro mai sanyin magana, kamar ba shi ya haife shi ba. Gwamnatin jiha ta tura shi karatu Ingila, kuma da labari ya zo cewa aikin roba yake koyo, Ɗangiwa ya hana kunnen kowa sakat. Wai ɗansa zai dawo ya kafa masana'anta a Tambuwal, a daina jiran motocin kudu.

Shekarar da Attahiru ya zo hutu, maƙwabta suka cika zauren bayan la'asar. Ya fito da wata 'yar farar kwalbar roba daga aljihu ya miƙa wa uban. Ya ce ba da fetur aka yi ta ba. Wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, ana kiwonsu a tanki ana ba su sukari, su kuma su tara wani abu a cikinsu kamar yadda rago ke tara kitse, sai a fitar da shi a narka a yi roba. Ya ce ta farko da aka samu gautsi ne da ita, tana tsagewa, sai da aka sauya musu abinci suka haɗa iri biyu wuri ɗaya, ta yi laushi. Wannan kwalbar, in ji shi, da hannunsa ya yi ta.

Ɗangiwa ya zuba mata ruwa, ba ta ɗiga ba. Ya maka ta da ƙasa, ba ta fashe ba. Na ga bakinsa ya ƙi rufuwa don murna. Da yaron ya yi shiru a nan, da an tashi lafiya.

"Baba, ba ka ji babban abin ba," in ji Attahiru. "In anka binne ta, ƙwayoyin ƙasa su cinye ta. Ruɓewa takai ta koma ƙasa."

Sai wani a zauren ya kece da dariya. Fuskar Ɗangiwa ta canza. "Ni na bar ƙwarya don tana ruɓewa," ya ce, "kai kuma ka tafi ƙasar Turawa ka koyo yin ƙwarya?" Yaron ya fara bayani, wai leda ta fara cika juji, awaki na ci suna mutuwa, wai har zaren ɗinkin asibiti za a iya yi da ita ya narke a jiki. Uban bai saurara ba. A gaban mutane aka yi masa dariya, shi ke nan abin da ya ji.

Da safe ya ja mu gonarsa ta hanyar Sanyinna, ni da yaron. Ya haƙa rami a gindin kuka, inda yake tara taki, ya saka kwalbar, ya kifa jan kwanon roba a gefenta. "Roba roba ce," ya ce. "Turawa sun yi maka wayo. In ka dawo mu tone tare, ka gani da idonka." Attahiru ya ce to, Baba. Ranar da zai koma, Ɗangiwa ya ƙi raka shi tasha, wai ranar kasuwa ce. Na ce masa taurin kansa ya fi na kwanonsa. Ya ce ai yaron zai dawo.

Attahiru ya gama karatun, ya sauka Legas, ya hau motar gida. Kusa da Yawuri motar ta kife. Kafin labari ya iso Tambuwal an yi masa sutura a can tare da sauran waɗanda suka rasu, akwatinsa ma ba a san inda ya yi ba. Raina ya ɓaci da Ɗangiwa a lokacin, amma da na ga yadda yake zama a rumfa bai kiran kowa, sai tausayinsa ya kama ni.

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo bayanta, bai taɓa maganar ramin ba. Sai wata safiya bayan girbi ya tsaya ƙofar gidana da hauya a kafaɗa. "Tambaya, taso," ya ce. "Ba ni da komi nashi sai kwalbar nan. So nikai in aje ta ɗakina."

Ya haƙa a hankali don kada hauya ta tsaga ta. Kwanon ya fara fitowa, ja wur, kamar jiya aka sauke shi daga mota. Ya ajiye hauyar ya ci gaba da hannu. Ya faɗaɗa ramin, ya zurfafa, yana murza ƙasa da yatsu. Na ce ko dai ba nan ba ne, alhali na san nan ne, ga kwanon a gabanmu. Babu komai sai baƙar ƙasa mai laushi da saiwoyin kuka.

Ya daɗe durƙushe. Sannan ya ce, "Yaron ya yi gaskiya, Tambaya. Kuma ba ni da wanda zan gaya wa."

Ban iya tsokanarsa ba ranar. Ya jawo jan kwanon, ya ɗebi ƙasar wurin da tafin hannu har ya cika shi, ya riƙe da hannu biyu muka kamo hanyar gida. Ni na ɗauko masa hauyar.