Shekarar da Motar Yaya Ta Koyi Fushi

Yayana yana da wata a-kori-kura mai shan gas, wadda yake jigilar kaya da ita tsakanin Birnin Kudu da Gwaram. Ni kuwa a lokacin ina sarin kankana, don haka duk ranar kasuwa ina gidan gaba kusa da shi, kayana suna baya tare da buhunan mutane da masu buhunan. Mota ce mai haƙuri. Ba ta gudu, ba ta kuma taɓa barin mu a daji ba.

Wata damina Yaya ya shiga da ita ruwa a wani kwari wajen Yalwan Damai, yana cewa ai iyakarsa gwiwa. Ruwan ya kai masa ƙugu yana zaune. Da aka turo ta gareji, mai wayarin ya ciro wani ɗan akwatin ƙarfe, ya girgiza shi, ruwa ya zubo.

"Alhaji, ƙwaƙwalwar ce ta sha ruwa."

"Mota ma tana da ƙwaƙwalwa?"

Mai wayarin ya ce ƙwarai kuwa. Ita ce ke auna man da injin zai sha, ita ce kuma ke gaya wa turbo, wato abin da ke hura iska cikin injin, yawan iskar da zai hura. Ya ce a bari ya nemo daidai lambar wadda ta mutu. Yaya ba ya iya jira. Ya tafi Kano da kansa, ya dawo da wata ta hannu wadda mai shagon ya rantse masa daga ƙasar waje ta zo, kuma ta fi tsohuwar ilimi. Mai wayarin ya duba ya ce lambar ba ɗaya ba ce. Yaya ya ce soket ɗin ya shiga ko bai shiga ba? Ya shiga. Aka murɗa makulli, mota ta tashi, magana ta ƙare.

Ranar kasuwa ta farko muka ɗauki hanya. Da farko ba abin da ya sauya, har ma ta ɗan fi da nauyin jiki. Muna fita gari Yaya ya taka totur, sai na ji wani fito siriri daga gaba, fiiii, kamar an manta buta a wuta. Kafin in tambaya, motar ta zabura. Ƙeyata ta bugi ƙarfen baya, ɗankwalina ya rufe mini ido. A baya na ji salati, na ji wani abu yana dum, dum, dum a kwalta. Kankanata ce take sauka ɗaya bayan ɗaya, tana bin hanyar komawa gida.

"Yaya, tsaya! Kayana!"

"Ke, kin ji ƙarfi kuwa? Kin ji?" Dariya yake yi har da dukan sitiyari.

Muka tsaya muka tsince abin da bai fashe ba. Wanda ya fashe fasinjoji suka shanye a bakin hanya, wani dattijo mai buhun gero har yana ce mini ta yi zaƙi, a ina nake saro ta.

Kafin mako ya zagayo labari ya cika tasha. Yaya, wanda a da masu babur ke wuce shi suna ɗaga masa hannu, yanzu shi ke wuce manyan motoci ya bar su da baƙin hayaƙi. Ya sayi sabon tabarau. Amma motar ta zo da wata ɗabi'a. In ya matsa mata a hawa, sai fiton ya yi tsanani, wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a gabansa, ƙarfi ya ɗauke ɗif. Injin yana aiki, amma ko ya taka totur har ƙasa, tafiyar ba ta wuce ta amalanke.

Karon farko da ta yi haka, kusa da Maruta, Yaya ya kashe ta, ya sauka, ya buɗe bonet ya kalli injin, ya rufe. Da ya rasa abin yi, sai ya dafa ta ya ce, "Haba, yi haƙuri mana." Ya shigo ya murɗa makulli. Fitila ta mutu, mota ta zabura kamar ba ita ba.

Ya juyo ya kalle ni a hankali. "Kin gani? Zuciya gare ta. Inda ta fito ba a yi mata tsawa."

Daga nan abin ya zama ƙa'ida. Duk sanda ta yi fushi sai a kashe ta, kowa ya sauka a ba ta haƙuri. Wata Inna mai sayar da daddawa ita ta fi kowa iyawa. Takan shafa ƙofar tana cewa, "Yi haƙuri 'yar nan, ba da ke yake ba, halinsa ne." Wani fasinja ya taɓa cewa ai kashewa da kunnawar ce ke gyara ta, a gwada ba tare da roƙo ba. Yaya ya ce in yana son gwaji ya sayi tasa motar. Ni ma na roƙe ta, ba sau ɗaya ba, don rana tana dukan kankanata.

Abin ya ƙare ne wata ranar da muka yi lodi fiye da kima, muna gab da shiga Gwaram. Yaya ya hango wata tirela ya ce sai ya wuce ta. Fito ya tashi, ya ƙara tashi, sai muka ji fam! kamar an harba bindiga a ƙarƙashin kujera. Na ƙanƙame hannun Yaya, na baya suka dira suka shiga gonar dawa. Inna mai daddawa kaɗai ta zauna, ta ce ita ba ta yi wa motar komai ba. Tiyon da ke kai iska cikin injin ne ya tsage. A ranar duk roƙon da muka yi bai karɓu ba, da igiya aka ja mu.

Mai wayarin ya jona mata kwamfuta ya nuna wa Yaya. Ƙwaƙwalwar ta wata mota ce mai babban inji, tana umartar turbo ya hura iskar da namu injin ba zai iya ɗauka ba. In iskar ta wuce iyaka sai ta rage ƙarfi don kada wani abu ya fashe, in an kashe an kunna sai ta manta. Yaya ya saurara har ƙarshe, ya ce shi dai ya san abin da ya gani da idonsa.

Aka samo mai daidai lamba, aka saita ta, aka sa sabon tiyo. Mota ta koma tafiyarta ta da, kankanata ta riƙa isa kasuwa cif. Yaya ya yi kwanaki ba walwala. Ya hana a jefar da waccan ƙwaƙwalwar, ya kai ta gida ya ce a adana masa. Matarsa ta ga tana da nauyi daidai, yanzu da ita take danne murfin tukunya in tana dafa wake.