Baba Ɗalhatu da Sa Hannun da Ya Rasu Yana Jira

Ranar Talata, 12 ga Nuwamba, 2019, ina tsaye a bakin sitona da ke bayan kasuwar Murshid Bazaar ana ɗaure kaya, sai 'yarka Halima Sa'adiya ta kira ni. Abin da ta iya faɗa ke nan: "Yaya Mu'awiya, Baba ya tafi." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na zauna a kan kwali. Baba Ɗalhatu Mijinyawa, washegari bayan la'asar muka kai ka makwancinka a nan Dubai, garin da ka zo jinya da niyyar wata uku, ka yi shekara uku.

Na so in rubuta maka ta'aziyya mai sanyi irin halinka, na kasa. Duk sanda na ɗauki biro sai takaici ya riga hawaye zuwa. Ka yi haƙuri da ni kamar yadda ka saba.

Shekara ashirin da bakwai ka yi a ofishin ƙaramin ministan lafiya, tun kana buga tafireta har ka zama wanda takarda ba ta shiga wurin minista sai ta bi ta teburinka. Ministoci goma sha ɗaya ka yi wa aiki. Duk Juma'a, in mun taru cin tuwo a gidan Halima da ke unguwar Al Nahda, sai ka jero mana su ɗaya bayan ɗaya. Ka ce an ƙirƙiri kujerar ne don ta rage wa babban minista nauyi: rigakafi, ungozoma, ƙananan asibitocin karkara. Wata gwamnati ta soke ta, wata ta dawo da ita, wata ta ɗora mata ƙarin suna. Akwai lokacin da ta yi watanni babu kowa a kanta, amma kullum sai ka sa an goge teburin. Kana yabon wani likita da ya kwana uku a ƙauyen da amai da gudawa ya ɓarke. Kana kuma dariyar wani da tambayarsa ta farko ita ce motoci nawa ofishin yake da su.

Wata rana na ce, "Baba, tunda ƙaramin minista ba shi da aiki sai wanda babba ya yaga masa, mene ne amfanin kujerar?"

Ka dube ni ta saman tabarau ka ce, "Mu'awiya, tsaya a kwalayenka. Ta wannan ƙofar talakan ƙauye yake shiga gwamnati."

Alherinka a nan ba ya ƙirguwa. Duk ɗan gida da ya zo asibiti ya rasa gane takardunsa, wurinka ake kawo shi. Ranar da aka wanke maka ƙoda kakan dawo a galabaice, amma ba ka taɓa cewa a dawo gobe ba. Elkana, Kirista ne ɗan arewa mai gyaran injinan asibiti, aikinsa ya ƙare, bizarsa saura kwanaki. Sau uku ka sa ya sake takardar neman aiki, kana yi masa faɗa kamar ɗan cikinka, har aka ɗauke shi a wani asibiti mai zaman kansa.

Ta hannun Elkana aka samu injinan wankin ƙoda guda huɗu da asibitinsu ya sauya da sababbi. Wata biyu yana gyara su bayan ya tashi daga aiki. Ranar da na ƙarshe ya tashi, ya shigo yana cewa, "Baba, khalas, an gama! Yalla, mu tafi, sai gida!" Ban taɓa ganin ka yi dariya irin ta ranar ba. Babu injin ko ɗaya a asibitin garinku, abin da ya hana ka komawa ke nan. Idan injinan suka isa, kai ma ka isa: ka koma wurin matarka Hajiya Rabi, ka ga jikokin da ba ka sani ba sai ta waya, marasa lafiyar garinku su huta da doguwar tafiya. Ni na naɗe su da hannuna na jera a sito. Abu ɗaya ya rage, takardar ma'aikata da ke cewa an karɓi kyautar, don kada su ruɓe a tashar jirgin ruwa.

A nan ka yi kuskuren da babu mai yin sa sai tsohon ma'aikaci irinka. Na ce maka akwai wani attajiri da nake tura wa kaya, ana jin maganarsa a ma'aikatar, waya ɗaya ce. Ka ɓata rai ka ce, "Ba a tsallake ofis. Ƙaramin asibiti aikin ƙaramin minista ne. In ni da na bauta wa kujerar na tsallake ta, wa zai ga girmanta?" Ka rubuta takarda mai kyau ka aika wa Labaran, wanda ya gaji teburinka, wanda kai ka koya masa yadda ake buɗe fayil.

Wata goma sha huɗu, Baba! Labaran ya ce takardar ta tafi ofishin babban minista. Ta dawo, wai aikin na ƙarami ne. Ya ce ana jiran kwamiti. Ya ce ana taro. Daga baya ya daina ɗaukar wayarka, sai saƙon barka da Juma'a mai hoton fure. Ban san ko ministan ya taɓa ganin takardar da idonsa ba. Abin da wani masinja ya gaya mana shi ne tana kan teburin Labaran, an rubuta a gefenta a ajiye tukuna. Da na kawo maka labarin, sai ka ce, "Ni ma na sha rubuta haka a kan takardun mutane. Allah ya yafe mini." Har a wannan hali kanka ka fara tuhuma. Ni kuwa ƙyama ce ta kama ni, har yau ba ta sake ni ba.

Kana ramewa, kana cewa mu ƙara musu lokaci. Elkana yana zuwa duk wata ya kunna injinan don kada su lalace. Hajiya ta sa an yi wa ɗakinka fenti har sau biyu.

Ka rasu Talata. Ranar Alhamis takardar ta'aziyya ta iso wayar Halima, da tambarin ofis, da sa hannun Labaran a madadin ƙaramin minista. Kwana biyu kacal. Ashe hannun yana aiki. Halima ta karanta, ta tashi ta buɗe jakarka ta fito da wata tsohuwar takarda ta ajiye a gabana. Kalma da kalma iri ɗaya ce. Kai ka tsara ta shekaru da yawa da suka wuce don ma'aikatan da suka rasu, suna kawai suka sauya. Ko zama su nemo maka jimla ɗaya taka ta kanka ba su yi ba. Tir da wannan aiki. Ban yi wa kowa baki ba, domin ka hana mu, amma ba zan ce na gode ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Rabi, da Halima Sa'adiya wadda ta yi jinyarka ba ta taɓa ƙosawa ba, da 'yan'uwanta, da Elkana wanda ya yi kuka a bakin maƙabarta har muka riƙa ba shi haƙuri. Allah ya ba ku dangana. Allah ya jiƙanka, Baba, ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce gidan da ka koma. Idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Abu ɗaya za ka yafe mini. Jiya na buga wayar nan da ka hana ni, na tsallake ofis. Takardar injinan ta fito yau da safe.